Harawar Jar Akuya

Ranar da matata ta rasu ina gona ina yankan harawa. Da safe na bar ta a kwance, kwananta uku da zazzaɓi, ta ce ta ji sauƙi, har ta tambaye ni ko zan dawo kafin azahar. Na ce sai na gama. Kuma sai da na gama ɗin, don ni tun ina saurayi haka Allah ya yi ni, in na duƙa a kan aiki ko kiran sallah sai an yi mini sau biyu.

A lokacin Nasara ba su daɗe da shigowa Lafiyar Barebari ba, kuɗin wuri bai daina yawo a kasuwa ba tukuna. Gonarmu tana kan hanyar Shabu, 'yar ƙarama ce, dawa da wake a tsakaninta, sai wata tsohuwar ɗorawa a gefen gabas. Ta mahaifina ce. Shi daga ƙasar Kano ya biyo fatake masu kanwa, ciwon ƙafa ya tsayar da shi a nan, ya auri Innata, bai sake komawa ba har ƙasa ta rufe masa ido. Cikin abin da ya zo da shi daga arewa har da al'adar ajiye harawa. Mutanen nan dariya suke yi masa. Ƙasar da ciyawa take shanye mutum a tsaye, a ce wani yana naɗe busasshen ganyen wake yana ɗorawa a kan itace kamar dukiya? Shi kuwa sai ya ce su bari a sa wa daji wuta tukuna, sannan a zo a yi dariyar.

Shi ya koya mini. Bayan an gama roron wake, sai ka yanke yaɗon tun ganyensa yana da kore, ka baje a kan kunya ya sha iska kwana biyu. Ba a ɗaure harawa da rana. In rana ta take, ganyen ya yi ƙamas, kana taɓawa zai marmashe, ka tashi da zallar kara wanda ko jaki sai ya yi tunani kafin ya ci. Da sassafe ake ɗauri, lokacin da raɓa ta sa ta yi laushi, ka naɗe ta kamar tabarma, ka ɗaure da kaba, ka jefa bisa itace inda gara da awakin mutane ba za su kai ba. In kuwa ruwa ya same ta a ƙasa, shi ke nan, sai ta yi baƙi ta yi fumfuna, dabba ta sunsuna ta kau da kai.

Mai gonar da ke maƙwabtaka da tamu wani dattijo ne ɗan ƙabilar Alago, mai noman doya da riɗi. Ranar da na fara yanka ya tsaya a kan iyaka, ya dafa fartanyarsa yana kallona.

"Ɗan malam, ka yi sauri," in ji shi. "Ruwan nan bai tafi ba. Ruwan Lafiya yana da wutsiya."

Na ce masa a lissafin Baba damina ta riga ta yi sallama. Ya ce, "Lissafin babanka na Kano ne," ya koma kan aikinsa.

Da na dawo gida ranar rasuwar, tun daga bakin hanya na hangi takalma a ƙofar zaurenmu. Ƙanen mahaifina da ya biyo shi nan daga baya, wanda muke kira Baffa, shi ya tare ni. Ya karɓi laujen daga hannuna ya jingine a bango, sannan ya gaya mini. Na ce to. Abin da na ce ke nan. Aka yi mata wanka, aka yi salla, kafin la'asar ta yi sanyi mun kai ta mun dawo. Na riƙe makara, na zuba ƙasa da hannuna, kuma ina rantsuwa ban ji komai ba, kamar wanda ya daɗe zaune a kan ƙafarsa har ta mutu. Abin da na lura da shi a maƙabarta shi ne ƙasar da danshi har can ciki.

Ta bar 'ya mace, wata biyar, 'yar farinmu. Da magariba kukanta ya cika gidan. Wata maƙwabciya mai goyo ta karɓe ta ta ba ta nono, amma tagwaye gare ta, ita kanta ta rame kamar sillen kara, kowa ya san ba abin da zai ɗore ba ne. Sai Inna ta kwanto jar akuyar matata daga turke. Akuyar arewa ce, doguwa, uwar matata ta ba ta lokacin biki, ba irin gajerun awakin ƙasar nan ba da nononsu bai cika ludayi. Ta haihu bai fi sati uku ba. Inna ta wanke mata hantsa da ruwan ɗumi, ta tatsa a ƙoƙo, ta riƙa ɗiga wa yarinyar a baki. Ta ƙi, ta ƙware, ta ƙi, can yunwa ta ci ƙarfinta ta haɗiye. Inna ba ta dube ni ba, kamar da akuyar take magana ta ce, "Irin wannan, in rani ya yi ba harawa, ƙafewa take yi."

Washegari na zauna zaman makoki. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Baffa a dama da ni, mutane suna zuwa suna durƙusawa. Ya haƙuri? Da godiya. Allah ya jiƙanta. Amin. Allah ya raya abin da ta bari. Amin. Bakina yana ta amsawa shi kaɗai, ni kuwa idona yana gabas. Gajimare ne fari tas da safe, da azahar gindinsa ya fara duhu, da la'asar iska ta juyo da ƙanshin ƙasa. Wani ya kama hannuna yana kuka, abokin wasan matata ne tun suna yara, ni ina kallon bayan kansa ina lissafin kaba nawa ta rage a ɗaki. Na ji kunyar kaina, amma ita ma kunyar daga nesa na jiyo ta.

Ba wanda zan aika. Ba ni da wa ba ni da ƙane. Baffa maɗinki ne, bai san gaban lauje da bayansa ba. Mutanen unguwa kuwa in na ce su ɗaure mini harawa, da rana tsaka za su je su tattaro mini kara su ce ga ta nan. Kuma wa zai buɗe baki a kan tabarmar makoki ya ce a je masa gona?

An riga an aika Doma tun da asuba a gaya wa iyayen matata. Can suke zaune, mahaifinta baduku ne, mutumin Zazzau. Muka yi ta sa ido har rana ta faɗi ba su iso ba. Baffa ya ce wataƙila rafi ne ya cika ya tsare su, in Allah ya so za su riski sadakar uku, da hantsi za a yi addu'a.

Ran ukun, da aka sallame sallar asuba, ban koma kan tabarma ba. Na zagaya ta bayan gida na ɗauki kaba. Inna tana bakin murhu tana dama gumbar sadaka, ta gan ni, ta mai da kanta ga ƙwaryarta. A raina na ce kafin rana ta yi tsawon mashi na ɗaure abin da ya samu na dawo, ba wanda zai sani.

Na tarar da harawar ta yi daidai yadda ake so, ta yi laushi da raɓa, korenta bai gudu ba. Na fara naɗi. Hannu ya san aikinsa, ba ya bukatar mai shi. In tattaro, in danne da gwiwa, in naɗe, in ɗaure, in wuce gaba. Na yi rabin gonar ke nan rana ta ɗago, lokacin da ya kamata in ajiye in kama hanya. Sai na ɗaga kai na ga gabas ta haɗe baƙi ƙirin, tun daga ƙasa har sama. Rana ta shige ciki, raɓar ba ta bushe ba. Na tsaya da kaba a hannu. Na san ana shimfiɗa tabarmi a gida, na san liman yana hanya. Ban yi wata doguwar shawara da zuciyata ba, ƙarya ne in ce na yi. Na duƙa kawai na ci gaba.

Dattijon nan Alago ya fito daga cikin doyarsa. Ya ji labari. Ya ce da Hausarsa ta Alago, "Matarka ya mutu, kana nan?" Na ce ina nan. Ya ajiye fartanya ya shiga kwaso dammunan da na ɗaure yana kaiwa gindin ɗorawa. Na hau, yana miƙo mini ina jerawa a tsakanin rassa, na rufe samansu da tsohuwar zanar bukkar gona. Muna kan na ƙarshe ruwan ya sauko, irin mai manyan ɗigo. Kunya uku na can ƙarshen gona ban kai gare su ba, ina kan itace ina kallo suka jiƙe. Muka fake a gindin ɗorawar har ya tsagaita. Ya ce, "Na gaya maka yana da wutsiya." Na ce ka gaya mini.

Azahar ta wuce na iso gida, jiƙe sharkaf, ganyen wake a gashina da wuyan rigata. An yi addu'a an watse, an raba gumba, sai dattawa biyar ko shida da suka fake a zaure. A tsakiyarsu ga surukina. Shi da surukata a wani ƙauye suka kwana saboda rafi, suka yi sammako, suka iso daidai lokacin da liman yake tambaya ina mijin.

Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa a bakin ƙofa, na ce, "Baba, sannunku da zuwa. Ya haƙuri?"

Ya dube ni tun daga ƙafa har kai. Mutum ne mai sanyin magana, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ran nan ma bai ɗaga ba.

"Daga ina?"

"Gona, Baba."

"Gona." Ya juya kalmar a bakinsa. "Me ya ƙone a gonar?"

"Harawa ce a ƙasa, ga hadari."

"Harawar wa?"

Yaran yanzu in na ba su labarin nan sai su ce, to Kaka me ya hana ka faɗa? Ba su san zamanin ba. A lokacinmu mutum ba ya kama sunan ɗan farinsa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, in an ce yaron ba shi da lafiya sai ka yi kamar ba ka ji ba, ka bari sai ka shiga ɗaki. A gaban surukinka kuwa, a gaban ƙanen ubanka da dattawan unguwa, ka buɗe baki ka ce saboda 'yata na yi, wannan ko mahaukaci sai ya nemi wata hanyar. Na sunkuyar da kai na ce:

"Ta akuya ce."

Baffa ya rufe fuskarsa da hannun riga. Surukina ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "To. Allah ya ba akuya lafiya." Ya tashi ya shiga cikin gida wurin matarsa.

Daga baya na ji Inna ta ja surukata gefe ta warware mata zancen, ta nuna mata ƙoƙon da ake tatsar. Surukata ta gane, har ta gaya wa mijinta. Amma magana zarar bunu ce. Shi ya riga ya faɗa a gaban mutane cewa jikarsa ba za ta kwana uku nan gaba a gidan da akuya ta fi 'yarsa daraja ba, kuma dattijo ba ya lashe abin da ya tofar. Ita ma surukata, gaskiya, tana son yarinyar kusa da ita, 'yarta ke nan guda ta tafi. Baffa ya ce mini kada in sake in ce uffan, na riga na zubar mana da mutunci iya na shekara. Kashegari suka kama hanya. Surukata ta goya yarinyar, surukina yana jan akuyar da igiya, ɗan akuyar yana bin su yana kuka. Na raka su har bakin gari kamar yadda ake yi, na yi musu Allah ya kiyaye hanya, na dawo na kwanta na yi barci har la'asar.

Bayan kwana goma aka fara sa wa daji wuta. Na san baduku ba shi da gona, na kuma san mutanen Doma ba sa ajiye harawa. Ranar wata Alhamis na yi gammo, na sauko da dami biyu daga kan ɗorawa, na haɗe su na ɗauka. Harawa ba ta da nauyi, sai girma, iska tana kama ta tana juya mutum kamar faifai. In ka fita da asuba, kana shiga Doma ana kiran azahar. Na sauke a ƙofar gida na yi sallama. Surukina yana zaure yana yankan fata. Ya amsa sallamar, don ita wajibi ce, bai ƙara ko kalma ba. Aka aiko mini da ruwa da fura daga ciki. Na sha, na yi salla, na juya.

Haka na yi ta yi duk ranin nan, bayan kwana bakwai ko takwas. Wani zuwan in haɗa da ɗan ƙullin dusa da kanwa. Ban taɓa tambayar yarinyar ba, ba a tambaya. Sai dai in ce, "Ya akuyar?" Daga bayan zana surukata ta ce, "Akuya lafiya lau, tana ci tana sha, har ta fara zama da kanta." Wani zuwan ta ce akuya ta yi haƙori biyu. Wani zuwan ta ce akuya ta kwana biyu tana gudawa amma ta warware. Surukina yana ji, yana ta huda fatarsa da basilla. Sau biyu na jiyo kukanta daga cikin gida. Sau ɗaya na hango ƙafarta, an goya ta an wuce ta bakin ƙofa.

Ban san abin da nake ji a hanyar nan ba. Ina tafiya ne kawai. Na san inda kowace inuwa take, na san matan da ke sayar da dafaffiyar doya a mararraba, har sun daina tambayata ko na sayarwa ne. Kabarin matata kuwa ban koma ba sai bayan shekara.

Da bazara ta kawo kai, hadari ya fara haɗuwa, na sauko da dami na ƙarshe. Guda ɗaya ne, ya sha rana har ya yi fari. Ran nan surukata da kanta ta fito zaure, abin da ba ta taɓa yi ba, da yarinyar a hannu. Ta yi ƙiba, ta yi gashi, an sa mata kwalli da laya a wuya. Goshin uwarta ne sak.

"Ta kama kunu sosai," in ji surukata. "Har tuwo tana lasa. Ita kuma akuyar ta ɗauki ciki, nonon ya janye. Ga ciyawa ta kusa fitowa. Ka huta haka nan, ɗan nan, ba sai ka sake kawowa ba."

Na ce to, Iya.

Ta matso, ta miƙo mini ita. Surukina ya dakata da aikinsa, yana kallo. Har yau ban san ko so yake in karɓa ba. Na bar hannuwana a kan gwiwa, na dubi ƙasa, na ce, "Allah ya raya." Ta ɗan jima a haka, sannan ta mai da ita kafaɗa ta koma ciki.

A Doma ta girma. Na sake aure bayan shekara biyu, na haifi wasu, na ɗauke su na yi musu wasa, tun da su ba na fari ba ne. Doma kuwa sai da dalili, kuma dalilin ya ƙare. Nakan je gaisuwar salla, shekara sau ɗaya, wata shekarar ma ƙafa ba ta kai ba.

Tana da shekara biyar ko shida na je wata ƙaramar salla. Na tarar da yara suna wasa a ƙofar gidan, na gane ta tun daga nesa. Ta tsaya ta ƙare mini kallo, ba tsoro, ta dubi kaina, ta dubi hannuwana. Sai ta ruga cikin gida tana kira da ƙarfi:

"Iya! Iya! Ga mai harawa nan ya zo, amma bai kawo komai ba!"

Ashe sunan da yaran gidan suke kirana da shi ke nan tun ranin farko, ita ma ta tashi ta ji. Na ji surukata tana tsawata mata daga ciki, tana cewa ke, babanki ne. Yarinyar ta ce a'a, Baba yana zaure.

A nan ne abin ya same ni, shekara biyar bayan an binne uwarta. Na zauna a dakalin ƙofar gidan surukina, da sabuwar rigar salla, na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba, yara sun kewaye ni suna kallo. Surukina ya fito, ya kore su, ya tsaya a kaina. Can ya ce, "Shigo daga ciki, rana ta yi zafi."